Littafin aikin kayan sauti na ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo, Tawa

Lahadi, 5 ga Oktoba 2025

Taron ƙungiya ya tashi bayan la'asar da shawara ɗaya: mu ajiye tsohuwar amfilifaya da ƙahonninta, mu sayi lasifika biyu irin masu amfilifaya a cikinsu. Ni aka ɗora wa aikin, shugaba kuma ya ce a riƙa rubuta abin da aka yi da abin da aka kashe, duk mai zubi ya gani da idonsa. A asusu akwai jika 310 (jika ɗaya sefa dubu ce). Hajiyar da ke ɗinka mana kayan wasa ta ce za ta ranta mana jika 150, mu biya kafin azumi. Burinmu zuwa ƙarshen Nuwamba, in mutane sun gama sa hatsi a rumbu, mu fita ƙauyukan kewayen Tawa da sabon wasanmu kan barin ƴaƴa mata su ƙare makaranta.

Abin da ya kai mu ga haka, amfilifayar ta ƙone da damina a hannun wasu da suka are ta. Lasifika huɗu masu om 8 suka jona mata a baki ɗaya, om ɗin ya sauko 2, alhali ita ba ta jure ƙasa da 4 (om ma'aunin yadda lasifika ke tare wuta ne, in ya yi ƙasa amfilifaya ke shan nauyi). Irin wannan ɓarna ba ta samun lasifika mai amfilifayarta a ciki, domin tun a masana'anta aka auna mata daidai ƙarfinta, aka kuma sa mata limita da ke danne sauti in ya nemi wuce kima. Ga kuma ƙaho. Yana kai murya nesa, shi ya sa masallatai ba sa rabuwa da shi, amma muryar siririya ce, gurmi kuwa in ya bi ta cikinsa ba ka gane shi. Wasan kwaikwayo magana ce. In tsohuwar da ke can bayan taro ba ta ji abin da uwar yarinya ta ce wa mijinta ba, mun yi asarar mai da tafiya.

Laraba, 8 ga Oktoba

Na zaga shagunan kayan lantarki na cikin gari. Abin da ya cika su shi ne dogayen akwatunan nan masu fitilu kala-kala da batir da Bluetooth, an rubuta musu wat 5000 ko 8000 a goshi. Na ɗaga ɗaya da hannu guda. Na juya bayansa, ƴar takardar da ke kusa da ramin caji ta nuna ko wat 100 ba ya sha daga bango. Abin da bai sha ɗari ba, ta ina zai ba ka dubu biyar? Ban raina su ba, sun ishi mai shayi da ɗakin amarya. Fili mai ɗaruruwan mutane ne ya fi ƙarfinsu.

Ko manyan kamfanoni lamba biyu suke bayarwa. Yamaha DBR12, alal misali, takardarta ta ce wat 1000, amma wannan na ƙiftawar ido ne, wanda take iya riƙewa a ɗore 465 ne. Lambobin da suka fi amfani su ne ƙarar da take iya fitarwa, desibel 131 a tazarar mita ɗaya, da faɗin buɗewar sautinta, digiri 90 a kwance, 60 a tsaye. Kuma ko an ninka wat, desibel 3 kacal aka ƙara. Na yi wa ƴan ƙungiya wannan bayani a fada da dare, don da yawansu idonsu na kan akwatin mai fitilu. Ƙanin shugaba bai gamsu ba, amma ya yarda a je Yamai a duba.

Litinin, 13 ga Oktoba, Yamai

Sababbi na JBL da Yamaha da QSC sun fi ƙarfin aljihunmu nesa ba kusa ba. Wani ɗan garinmu ya haɗa ni da wani Alhaji mai ba da hayar kayan biki, a wajensa na samu biyu na hannu, masu inci 12, iri ɗaya. Jikinsu roba ce mai kauri, duk ta kwarzane, amma babu tsaga.

Ban biya ba sai da na gwada su ɗaya bayan ɗaya. Na sa aka cire ragar gaba, na ɗora yatsu a kewayen tsakiyar babban bakin na danna a hankali. Ya shiga ya fito sumul, babu gogayya, alamar naɗin wayar da ke ciki bai taɓa gasuwa ba. Na kai hanci ramin iska na baya, babu warin ƙuna. Na murɗa duk abin murɗawa daga farko zuwa ƙarshe ina sauraren ƙaras-ƙaras. Sannan na jona makirufo na yi ta maimaita "sannu, sassauta, tsaya, shinkafa", kunnena na saitin ƙaramin ƙahon da ke sama, don shi ke fitar da kaifin magana, shi ne kuma ya fi saurin mutuwa a kayan haya. In ya mutu ƙara tana nan, sai dai magana ta koma kamar daga cikin tulu.

A bayan kowace akwai mashiga biyu masu karɓar XLR (kan wayar sauti mai ƙafa uku) ko jak, ta farkon da ɗan maɓallin zaɓi tsakanin makirufo da layi, wato sautin da ya riga ya bi ta miksa, na'urar haɗa sauti. Akwai mafita ta miƙa sauti ga lasifika ta gaba, da maɓallin yanke ƙasan sauti, wato mai kauri, daga Hz 100 (Hz ma'aunin kauri ko sirancin sauti ne), da ƴan fitilu na wuta, na sauti, da ja na limita. A ƙarƙashi ramin sanda ne na milimita 35, gefe ɗaya kuma a karkace yake yadda za a kwantar da ita gaban mawaƙi ya ji kansa.

Alhaji ya fara da jika 200 kowace. Na ce, "Alhaji, a duba mu, ƙungiya ce, ba ƴan kasuwa ba ne." Ya ce, "Malam, tunda daga Adar ka taso, kawo 165. Amma in an bar su a rana suka mutu, kar a kira ni." Aka daidaita. Lasifika jika 330, ƙafafun ɗorawa biyu 30, wayoyin XLR huɗu 20, kuɗin kaya a mota 8. Kuɗin motata daga aljihuna. Saura jika 72.

Laraba, 15 ga Oktoba

Kaya sun iso Tawa lafiya. Kowace ta kusa kilo 16, ɗora ta bisa sanda aikin mutum biyu ne. An ajiye su a ɗakin shugaba bisa katako.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Gwajin farko a zauren da muke atisaye. Makirufo ta cikin miksarmu mai layi takwas ya fito tas, har ƴan matan ƙungiya suka yi guɗa. Da aka jona kwamfuta don kiɗan buɗe wasa, sai wani gurnani mai kauri ya taso hagu da dama, ba ya hawa ba ya sauka, irin na Hz 50 da wutar gari ke tafiya a kai. Na bi shi sannu a hankali. Na sauke duk layukan miksa, ya ɓace. Na ɗaga na kwamfuta, ya dawo. Na zare cajarta daga bango, tsit. Cajar ce ke shigo da hayaniyar, wayar jak ɗin da ke zuwa miksa kuma mai jijiya ɗaya ce, ba ta da abin kare kanta. Ita wayar XLR jijiya biyu ke ɗauke da sautinta, ɗaya a miƙe ɗaya a kife. In sun isa aka haɗe su, duk hayaniyar da suka kwaso a hanya sai ta kashe kanta. Shi ya sa take tafiya mita 30 ko 50 lafiya lau.

Wani yaro ya ce a karya ƙafar ƙasa ta fulogin lasifika, wai haka masu biki suke yi. Na hana, na kuma ce kar in sake jin wannan magana a ƙungiyar nan. Wannan ƙafar ita ce ke tsakanin wutar 220 da leɓen wanda ke riƙe da makirufo. Maganin gaskiya ɗan akwatin DI ne mai taransifoma a ciki, da ake sa wa tsakanin kwamfuta da miksa, na aika a sayo a Yamai, jika 12. Kafin ya zo kwamfuta za ta yi aiki da batirinta.

Ɗaya daga cikin wayoyin tana ɗaukewa in an taɓa ta. Na buɗe kanta, jijiyar ƙafa ta 2 ce ta saki daga dalma. Na like ta.

Laraba, 22 ga Oktoba

DI ya iso, gurnani ya tafi. Na manna takarda a murfin miksa: a kunna miksa tukuna, lasifika daga ƙarshe, wajen kashewa lasifika ce farko. In an juya, bugun kunnawar kai tsaye yake faɗa wa lasifika. Maɓallin makirufo da layi na tsayar da shi a layi na rufe da salatif, don in sautin miksa ya bi ta hanyar makirufo, a dagule yake fita tun ba a murɗa komai ba.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Mun fita filin makarantar unguwa da yamma. Ƴan wasa suka jera lasifikun a ƙasa bayan dandali don su ji kansu, yadda suka saba gani a gidan biki. Ana ɗaga makirufo sai kuka, irin mai shiga haƙori. Abin da lasifika ta fitar ne ke komawa cikin makirufo, ya fita da ƙarfi, ya sake komawa. Makirufonmu na hannu gabansa yake ji, bayansa kurma ne, don haka dole lasifika ta wuce layin ƴan wasa, ta ba su baya, ta fuskanci jama'a. Muka ja su mita biyu gaba, ɗaya a kowane gefe, muka ɗaga su bisa sanda har ƙaramin ƙahon ya wuce kan dogon mutum a tsaye, muka ɗan karkato su ciki. Kukan ya tafi, aka kuma samu sararin ƙara murya sosai.

Tsayin nan shi mutane suka fi rainawa, shi kuwa ya fi komai aiki. Siririn sauti mai ɗauke da haruffan magana ba ya ratsa jikin mutane. In lasifika na ƙasa, sahun gaba ya shanye shi, na baya su samu gunguni. Sai mai sauti ya yi ta ƙarawa, yaran da ke zaune gaba kunnensu na shan azaba, na baya kuma har yanzu ba su gane ba. Na ga haka a taruka ba iyaka, kuma yana ɓata mini rai, don yaran nan ba su san ana cutar da su ba.

Na sa wata ƴar wasa tana karanta layinta, ni ina ja da baya da waya mai auna ƙara a hannu. Awon waya ba abin rantsuwa ba ne, amma ya bi ƙa'idar da aka sani: a sarari, duk ninkin tazara yana cin desibel 6. In a mita ɗaya 100 ne, a mita 2 ya zama 94, a mita 4 ya zama 88, a mita 16 ana 76, a 32 kuma 70. A mita 30 ina jin kowace kalma, sai dai fili ne ba kowa. Ranar taro, da surutu da kukan jarirai, lissafi zai canza. Masana lafiyar kunne sun sa iyaka a desibel 85 ga mai yin awa takwas cikin ƙara, kuma duk ƙarin 3 yana rage lokacin da rabi. Saboda haka na ce tabarmar yara ta fara aƙalla mita huɗu daga lasifika.

Shugaba ya kawo shawarar a kai ɗaya tsakiyar taro. Mun gwada a mita 20, ba ta yi ba. Sautin da ya bi waya nan take yake isa, wanda ya bi iska kuwa a zafin nan wajen mita 350 yake yi a sakan, sai na gaban ya iso a makare da kusan kashi 57 cikin dubu na sakan, kowace kalma ta zo biyu. Akwai lasifikun da ake iya sa wa jinkiri daga cikinsu don gyara wannan, namu ba su da shi. An mayar da ita gaba.

Baba mai kalangu ya nemi nasa makirufo. Na ce, "Baba, kalangunka ya fi lasifikar nan kai wa nesa, a bar wa mai gurmi." Ya yi dariya ya yarda. Gurmin ne ke buƙata: makirufo taƙi ɗaya daga fata, ɗan gefe, ba saitin yatsu ba.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Hayar farko, walimar aure a cikin gari, jika 20. Da hantsi na kafa su cikin inuwa. Ina masallaci da azahar masu biki suka ja rumfa ta ɓangaren mata, lasifikar dama ta tsaya a rana, bayanta na kallon yamma. Wajen ƙarfe uku, malam na tsakiyar nasiha, ta yi shiru. Fitilar wuta a kunne, jar na ƙiftawa, fanka na gudu. Na kai hannu ƙarfen bayan, ba ya taɓuwa. Kariyar zafi ce ta kashe amfilifayar don kada ta ƙone. Na juyo ta hagu ta rufe tsakiyar rumfa, aka samo zana aka tsayar wa ta dama, da ɗan rata don iska ta wuce. Wata baiwar Allah ta kawo jiƙaƙƙen zane a lulluɓa mata. Na ce, "Inna, an gode, amma ruwa da wuta ba sa haɗuwa, kuma zai toshe mata numfashi." Da ta huce ta dawo da kanta.

Nan ne raunin wannan irin lasifika, kuma dole a faɗe shi: amfilifayarta tana inda take, cikin rana da ƙura, ba a can inuwa kusa da mai sauti ba. Kowace kuma waya biyu take so, ta sauti da ta wuta.

Sanƙiran bikin ya dunƙule kan makirufo cikin tafinsa, kuka ya fara tasowa. Ramukan da ke bayan kan su ne ke sa shi kurma ta baya, in an toshe su ko'ina yake ji. Na je na raɗa masa, "Yaya, riƙe shi ta wuya, muryarka za ta fi fita." Ya gwada, ya ji bambanci, bai sake ba. Da dare masu bege suka zo, jama'a ta ragu, sai na bar ɗaya bisa sanda, na kwantar da ɗayar a gabansu tana kallon bayan makirufo. Sun ce ba su taɓa jin amshinsu haka ba.

Talata, 4 ga Nuwamba

Na kai ta dama wajen tsohon mai gyaran rediyo. Ya buɗe, ya hure ƙurar fanka, ya ce lafiyarta ƙalau. Ya nuna mini allon: babu ƙaton taransifoma irin na da, amfilifaya ce ajin D, shi ya sa ba ta da nauyi, ba ta kuma cin wuta sosai. "Amma ɗana," in ji shi, "ranar da allon nan ya mutu, ba a nan ba, sai Yamai ko Kano." Bai karɓi ko dala ba. An ba tela ɗinkin riguna biyu na tamfol, jika 5, na ajiya da tafiya kawai.

Lahadi, 9 ga Nuwamba

Atisayen dare da janaretan wani ɗan ƙungiya, mai kVA 2. Da farko komai daidai. Sai aka kunna fitilun halojin uku da aka aro, kowace wat 500. Inji ya canza murya, haske ya yi ja-ja, kiɗan buɗewa na bugawa lasifikun biyu suka ɗauke, suka dawo, suka sake ɗaukewa. Na sa mitar auna wuta, tana faɗowa ƙasa da bolt 180. Inji mai kVA 2 abin da yake ɗauka a zahiri wajen wat 1600 ne, fitilu kaɗai sun cinye 1500. Lasifikun ba masu ci ba ne, a magana da kiɗa na daidai kowace ba ta kai wat 100 ba, sai dai lokacin bugu takan fizgi ninkin haka, kuma a lokacin ne ta nema ta rasa. Aka kashe fitila biyu, aka ƙare da ɗaya.

An ɗan yi cacar baki, mai injin yana ganin an kushe masa kaya. Na ce masa inji ba shi da laifi, an ɗora masa abin da ya fi shi ne. Aka tsaya a kan fitilun LED biyu masu wat 50, jika 18, da sandar ƙarfe ta bugawa a ƙasa da wayarta don jikin injin, jika 6. Daga yau a bar inji ya daidaita kafin a jona kaya, a zare kaya kafin a kashe shi, kuma kar mai ya ƙare ana cikin aiki, don tangal-tangal ɗin ƙarshe shi ke kashe allo. Doguwar wayar wuta a warware ta gaba ɗaya, in tana naɗe zafi take tarawa.

Laraba, 12 ga Nuwamba

LED sun zo. Gwaji lafiya, mita ta tsaya kusa da 220.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Suna, jika 15. Lasifika ɗaya ta isa, babu miksa. Na ɓare salatif, na mai da maɓalli kan makirufo, na jona shi kai tsaye a bayanta. An tashi lafiya, na mai da maɓallin inda yake.

Lahadi, 23 ga Nuwamba

Jiya muka yi wasan farko, a wani ƙauye ta wajen Kalfu. Mai gari ya ba mu filin bakin kasuwa bayan isha'i. Hunturu ya fara, iska na kaɗowa daga arewa maso gabas da ƙura. Na sa aka juya dandali yadda za ta bi bayan lasifika ta ɗauki sauti zuwa ga jama'a. Duk da haka ta riƙa bugun makirufo bub-bub, sai na sa musu soso a ka, na danna maɓallin yanke ƙasa. Ya ragu ƙwarai, muryar maza ma ta fi fita. Ƙafafun sanda an danne su da buhunan yashi, samari biyu na tsaron su, don kilo 16 daga sama a tsakiyar yara ba abin wasa ba ne.

Jama'a sun fi yadda muka zata, wasu har bisa amalanke. Na bar ƙanena a miksa na zaga bayan taro, ta ɓangaren mata. Da aka zo inda uwar yarinya ke cewa ba mai cire mata ɗiya daga aji, wata tsohuwa daga can ƙarshe ta ɗaga murya, "Faɗa masa, ɗiyata!" Ta ji, kalma-kalma, ga shi ban kai ƙarar ko kusa da ƙarshe ba. Jar fitilar limita ba ta kama ba sai lokacin guɗa.

Abin da bai yi ba shi ne ƙarar janareta. Mun kai shi mita 40 bayan wata katanga, amma a wuraren da wasa ya yi sanyi, inda uban ke magana ƙasa-ƙasa da kansa, na wancan gefen inji suke ji. Kuma waɗannan wuraren su ne zuciyar wasan. Sai makirufo marar waya ɗaya da batirinsa ya yi rauni ana kusa da ƙarshe, murya ta fara yankewa, aka miƙa wa ƴar wasan mai waya ta ƙarasa da shi. Da muka dawo ragar gaba ta yi fari fat, an goge da busasshen burushi. Mai da mota jika 22.

Talata, 25 ga Nuwamba

An ba Hajiya jika 30 na farko, saura 120. A asusu akwai 14.

Samari na so a sayi babbar lasifikar ƙasa mai inci 18, don ƴan biki sun fi sakin kuɗi in ƙirji na girgiza. Na gane maganarsu, haya ce za ta biya bashi. Amma ni na tsaya a kan batir da inbata tukuna, su ne za su raba mu da ƙarar inji a ƙauye, kuma don ƙauyen aka sayi kayan. Batir mai bolt 12, Ah 100, yana ɗauke da wat-awa 1200. Irin na dalma ba a so a sha fiye da rabinsa, wato 600. Lasifika biyu, miksa, masu karɓar makirufo da LED biyu wajen wat 300 ne, awa biyu ke nan da ƙyar, ban da abin da inbata za ta ci. Wasanmu awa ɗaya da rabi ne, ga gwaji da jawabin mai gari, don haka batir biyu ne zai sa hankali ya kwanta. Inbatar kuma dole ta zama mai ba da wuta sumul irin ta gari, mai arhar nan zuzu take sa wa lasifika.

An ɗage maganar zuwa taron Lahadi. Kafin nan zan tambayo farashi wajen masu kayan sola, in sayi batura masu caji na makirufo, in kuma fara koya wa ƴan mata biyu da suka nuna sha'awa haɗa kayan daga zare waya har naɗe ta. Akwai hayar walima biyu a makon nan. Fita ta gaba Asabar, 6 ga Disamba, ta wajen Bambeye, in Allah ya yarda.